Ba a Fafe Gora Ranar Fito

Mu mutanen ƙasar Daura ba 'yan ruwa ba ne, kuma ba mu taɓa cewa mu 'yan ruwa ne ba. Duk wanda ya san tarihinmu ya san cewa hulɗarmu da ruwa hulɗar rijiya ce. Ga Kusugu nan a tsakiyar gari, wadda kakanni suka ce macijiya ta hana ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a, har baƙon nan Bayajidda ya zo ya kashe ta a zamanin Daurama. Ruwan da muka gada shi ne wanda ake zura wa guga a jawo, sai kuma na kududdufi da ƙorama, wanda kan zo da damina ya ƙafe da rani. Ba mu da Kwara, ba mu da Binuwai, balle teku. Saboda haka a da, in muka ji a rediyo an ce jirgin ruwa ya kife, mukan yi salati mu ce Allah Ya jiƙan musulmi, amma a zuci muna ɗauka labarin mutanen Yawuri ne ko na Lakwaja.

A cikin kwanakin ƙaramar sallah ta shekarar 2022, a watan Mayu, labarin ya iso har gida. Kwalekwale ya kife da mutane a ruwan da ke kusa da ƙauyen Tsabu, cikin ƙaramar hukumar Mai'adua, a nan masarautarmu. Aƙalla mutum 15 suka rasu, yawancinsu yara ne da suka fito yawon sallah da sababbin tufafinsu. Wata biyar kafin nan, ranar 30 ga Nuwamba 2021, irin haka ta faru a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. A watan Mayu na 2021 kuwa, jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150 ya nutse a kusa da Warra ta jihar Kebbi. A watan Yuni na 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki.

Mai karatu zai lura da cewa da yawa daga cikin waɗannan ruwaye ba su kai shekarun dattawanmu ba. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Tiga a 1974, ta Zobe a nan jihar Katsina a 1983, ga kuma Sabke da Daberam a ɓangarenmu. An kawo mana babban ruwa don noman rani da sha, kuma mun gode. To amma an kawo ruwan ne kawai, ba a haɗo mana da ilimin zama da shi ba. Ƙauyen da a da ake zuwa da ƙafa ko a kan jaki, yau sai an yi fito, ko kuwa a yi dogon zagaye. Mutanen da kakanninsu ba su taɓa riƙe filafili ba su ne ke cika kwalekwale ranar kasuwa, da awaki da buhuna da babura.

Duk lokacin da irin wannan ta auku, maganar da ake yi iri ɗaya ce: an yi lodi fiye da kima, jirgin ya tsufa, babu rigar kariya, an yi tafiyar dare. Duk gaskiya ne, kuma ya kamata a ci gaba da faɗa. Mu dai abin da ke damunmu, wanda ba mu cika jin ana tattaunawa ba, shi ne abin da ke faruwa bayan jirgin ya riga ya kife. An tsamo yaro, an shimfiɗe shi a kan yashi, jikinsa da sauran ɗumi, ba ya numfashi. Ga jama'a sun kewaye shi. Wa ya san abin da za a yi masa a wannan lokacin?

Bari mu fara duba yadda masu teku suka amsa wannan tambaya, tun da sun riga mu sanin ruwa. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta shekarar 2006 ta ce duk jirgin da ke ɗauke da mutum 100 ko fiye, yana tafiya tsakanin ƙasashe fiye da kwana uku, dole ya kasance da likita a ciki. Jirgin da bai kai haka ba, dole a sami wani daga cikin ma'aikatansa da aka horar ya kula da marar lafiya, da akwatin magani. Kowane ma'aikacin babban jirgi sai ya koyi taimakon farko kafin a ba shi takardar aiki. Tun 1935 akwai wata cibiya a birnin Rum na Italiya wadda aikinta shi ne likitoci su ba jiragen da ke tsakiyar teku shawara ta rediyo, su ce a yi kaza, a ba da magani kaza. A Ingila akwai ƙungiyar jiragen ceto da aka kafa tun 1824, kuma har yau yawancin masu fita ceton 'yan sa-kai ne na garuruwan bakin teku, masu sana'o'insu, waɗanda kan ajiye aiki su ruga in an kira.

In aka duba da kyau, duk waɗannan tsare-tsare abu guda suke faɗa. Mutanen nan sun yarda cewa asibiti yana da nisa, kuma ba zai matso ba. Don haka sai suka ɗauki wani yanki na ilimin asibiti suka danƙa wa wanda ke wurin, ko matuƙi ne, ko mai dafa abinci a jirgi, ko masunci.

Abin da ya faru a Senegal ya isa darasi. A daren 26 ga Satumba 2002, jirgin fito mai suna Joola, wanda ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar, ya kife a gaɓar tekun Gambiya ɗauke da ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Hukuma ta ƙidaya mutum 1,863 da suka rasu, 64 kaɗai suka tsira. Jirgin gwamnati ne, a ƙasa mai sojan ruwa, amma masu ceto na hukuma ba su iso ba sai bayan sa'o'i masu yawa. Waɗanda suka fara tsamo masu sauran rai masunta ne a cikin kwalekwalensu. To in haka ta kasance a babbar hanyar teku, ina ga mashigin wani ƙauye a Baure ko Zango ko Sandamu?

Ba mu ce ba a yi komai a ƙasarmu ba. Akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, kuma ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa rigar kariya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Akwai lambar waya 112. A nan Daura ma an sami ci gaba: ga asibitin sojan sama da aka buɗe a 2019, ga cibiyar kiwon lafiya ta tarayya, ba kamar da ba da komai sai an kwashi mutum kimanin kilomita 80 zuwa Katsina. Wanda ya raina wannan ya yi butulci.

Sai dai mu malaman makaranta ne, mun saba da lissafi, bari mu yi shi. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar ɗan'adam takan fara lalacewa in ta yi minti 4 zuwa 6 ba ta sami iska ba, in kuwa aka wuce minti 10 da wuya a dawo da mutum lafiya. Yanzu a ƙaddara akwai sabis a bakin ruwan, an kira, an ɗauka nan take, akwai mota a tsaye da mai a cikinta da direba a kusa. Minti nawa za ta yi daga gari zuwa mashigi, a hanyar burji ko ta yashi, da damina? Ko motar ta fi kowace mota gudu, ba ta isowa cikin minti 5. Motar asibiti tana da babban amfani ga wanda aka riga aka dawo masa da numfashi, ga mai karaya, ga mai naƙuda. Amma ran wanda aka tsamo ba ya numfashi, bayan ikon Allah, yana hannun mutanen da ke tsaye a kansa.

Me mutanen nan kan yi? Abin da muka tashi muka ga ana yi shi ne a kama ƙafafun yaro a zazzage shi kai ƙasa, ko a kifa shi a yi ta danna masa ciki wai ruwan da ya sha ya fito. Wasu su yi ta fifita, wasu su yi ta kiran sunansa, mata na kuka, kowa na ba da shawara. In an ga bai motsa ba sai wani dattijo ya ce a rufe shi, rai ya yi halinsa. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, ba mai musu. Amma ruwan da ke ciki ba shi ne ke kashe mutum ba, rashin iska ne. Danna ciki kan jawo amai, aman ya koma huhu ya ƙara ɓata al'amari, ga kuma mintocin da aka ɓatar. Mun tabbata a cikin waɗanda aka rufe da zane a bakin ruwayen ƙasar nan akwai waɗanda da an hura musu iska da sun tashi.

Abin da masana taimakon farko ke koyarwa ba shi da tsawo. A kwantar da mutum rigingine a wuri mai tauri. A ɗan tanƙwasa kansa baya, a ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe. A duba ƙirjinsa, a saurara, kada a wuce daƙiƙa 10. In ba ya numfashi, a toshe hancinsa, a haɗa baki da nasa a hura masa iska sau 5, ana kallon ƙirji yana tashi. Sa'an nan a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji a danna sau 30, da ƙarfi da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin kimanin santimita 5 ga babba, ga ƙaramin yaro kuwa hannu ɗaya ya isa. A sake hura iska sau 2, a koma dannawa 30. Haka za a yi ta yi, in wani ya gaji wani ya karɓa, har mutum ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya iso. In ya fara numfashi a juya shi ya kwanta a gefensa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Kuma ko ya tashi ya zauna yana magana, a kai shi asibiti, domin huhun da ruwa ya shiga kan iya rikicewa bayan 'yan sa'o'i.

Akwai kuma maganar shiga ruwa don ceto. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Haka yake kama wanda ya je cetonsa, su nutse tare, gawa ɗaya ta zama biyu. Wanda bai ƙware ba kada ya faɗa. Ya miƙa gora ko sanda, ya jefa igiya, ko ya jefa jarkar da ba komai a ciki an ɗaure murfinta. Jarka mai cin lita 20 ko 25, irin wadda 'yan ga-ruwa ke turawa a kura, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. Babu ƙauyen da ba shi da ita.

Mun rubuta wannan ne don mai karatu ya ga cewa abin bai fi ƙarfinmu ba, ba don ya ɗauka ya iya daga karantawa ba. Abu ne na hannu, sai an gwada a gaban wanda ya sani, an maimaita. A nan ne kuma muke jin nauyin ya faɗo kanmu, mu masu alli. Shekara da shekaru muna zana huhu da zuciya a allo, ɗalibai su kwafa, su haddace sunayen jijiyoyi, su ci jarrabawa. A darasin lafiya da motsa jiki akwai babin taimakon farko, yara sukan rubuta ma'anarsa da abubuwan da ke cikin akwatinsa ba kuskure. Amma da muka tambayi wani aji na manyan ɗalibai wa ya taɓa durƙusawa ya gwada danna ƙirji, ko da a kan matashin kai ne, ba wanda ya ɗaga hannu. Da muka tambayi wa ya iya iyo, sai 'yan kaɗan suka ɗaga a ɗarare, suna waige-waige, don sun san a ɓoye suka koya a kududdufi, kuma sun sha bulala a kansa. A cikin 'yan mata kuwa babu ko ɗaya. Alhali da yawa daga cikin yaran nan, in an yi hutu, sai sun hau kwalekwale ko sun ratsa ƙorama kafin su isa gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin tamu. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa a ruwa. Ƙasar Bangladash, wadda talaucinta bai ɓoyu ba, ba ta jira ginin wuraren wanka na zamani ba. A tafkunan ƙauye ake kafa shinge da dandamali na gora, a horar da matasan garin, su kuma su koya wa yara iyo da yadda ake ceto daga tudu. Mu ma muna da tafkuna, muna da masunta da Sarkin Ruwa, akwai kuma Kabawa da sauran 'yan su da suka biyo madatsun nan suka zauna tare da mu.

Wa za a koya wa? Da farko matuƙan kwalekwale da yaransu, domin su ne kullum a wurin. Sai masunta da masu noman rani a bakin dam. Sai 'yan agajin ƙungiyoyin addini da na Red Cross, waɗanda muke gani da kaki a masallacin idi da hawan sallah da Sallar Gani, sun riga sun saba da horo da bin umarni. Sai malaman firamare da na Islamiyya, tun da su ne ke rako yara zuwa Maulidi da musabaƙa. Masu koyarwa kuwa ba sai an ɗauko su daga Abuja ba, ga makarantar koyon aikin lafiya a nan Daura, ga ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Yini ɗaya ya isa a koya, a riƙa maimaitawa kafin kowace damina. In hakimi ko dagaci ya ce ba mai yin fito a ƙasarsa sai wanda ya yi wannan horo, kuma sai da igiya da jarkoki a cikin jirginsa, maganar ta zauna, domin a karkara umarnin mai gari ya fi takardar da aka buga a Lakwaja saurin isa kunne.

Dole kuma a koya wa mata. Kowa ya san halinmu na kunya. Namiji zai yi jinkirin haɗa baki da matar wani ko ɗora hannu a ƙirjin budurwa, ko da ya iya, kuma wannan jinkirin na iya zama ajalinta. Malamanmu sun san hukuncin lalura, ya kamata su bayyana shi a fili a wurin wa'azi tun kafin ranar ta zo. Amma mafi sauƙi shi ne a ce a cikin kowace tawagar 'yan biki akwai mace biyu ko uku da suka iya. Ungozoma da malaman makarantun matan aure su ne ƙofar shiga.

Bayan an dawo da numfashi sai maganar kai mutum asibiti. Nan ma muna da abin koyi a gida. An yi wani shiri a jihohin Arewa, har da tamu, inda aka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka horar da direbobin tasha su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare. Me zai hana kowane mashigi ya kasance da lambar direba biyu ko uku da ta ma'aikacin lafiya mafi kusa, a rubuce da fenti a jikin allo ko bango? Ma'aikacin na iya ba da umarni ta waya yana kan hanya, kamar dai yadda likitocin Rum ke yi wa jiragen teku. A kuma tabbatar wa jama'a cewa wanda ya kawo marar lafiya ba zai shiga uku da tambayoyi ba, don wannan tsoron ya sa mutane da yawa naɗe hannu.

Mun san akwai mai cewa duk wannan dogon turanci ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a gaban likita sai ya tafi. Haka ne, ba mu ja da ƙaddara. Amma ba mu san kwanan wa ya ƙare ba sai mun yi iyakar abin da za mu iya. Manomi ya san Allah ke ba da damina, bai fasa shuka ba. Mu ɗin nan da muke cewa ƙaddara, in ɗanmu ne kwance a kan yashin, za mu so a ce akwai wanda ya san yadda zai hura masa iska a cikin taron.

Gwamnati ta sayo jirage masu inganci, ta raba rigunan kariya, ta gina gadoji inda ya kamata, ta ajiye motocin asibiti kusa da manyan mashigai. Haƙƙinmu ne, za mu ci gaba da nema. Kafin su iso, damina ba ta jira, sallah da biki da ranar kasuwa ba su jira. Shugabannin makarantu na iya ware awa biyu a zangon karatu ɗaya su gayyato ma'aikacin lafiya, a shimfiɗa tabarma a fili, kowane ɗalibi da kowane malami ya durƙusa ya gwada da hannunsa. Ba ya bukatar kwangila, ba ya bukatar izini daga nesa.

Allah Ya jiƙan yaran Tsabu da na Bagwai da sauran waɗanda ruwa ya ci, Ya ba iyayensu haƙuri. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu ikon koyon abin da zai amfani 'yan'uwanmu, amin.